Koyon Aiki a Gidan Tarihi da Fita Aikin Tono: Tambayoyin da Ɗalibai Suka Fi Yi

Duk lokacin da hutu ya ƙarato, ko aka fara raba takardun fita koyon aiki, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke zuwa daga ɗalibai. Wani a bakin ofis zai tare ka, wani a waya, wani kuma mahaifinsa ne zai zo da kansa don ya ji ko wannan aikin tone-tone na mutanen kirki ne. Ga su nan an tara, da amsar da nake bayarwa.

Malam, mene ne bambancin zaman koyon aiki a gidan tarihi da fita aikin fili?

Na farko a ƙarƙashin rufi ake yinsa. Za a tura ka gidan adana kayan tarihi na wata uku ko shida, ka riƙa zuwa da safe kamar ma'aikaci, a sa ka a sito, ko ɗakin gyara, ko wurin tarbar baƙi. Na biyu kuwa a daji ne ko a bayan gari. Malamai su kwashi ɗalibai zuwa wani kufai, a yi sansani na mako biyu zuwa shida, a koyi awo da tono da zane da rubuta rahoto. Ɗaya yana koya maka yadda ake fito da abu daga ƙasa, ɗayan yadda ake hana shi lalacewa bayan ya fito. Wanda ya samu duka biyun ya more. Wanda zai samu ɗaya kaɗai, ni sito nake zaɓar masa, dalilin yana tafe a ƙasa.

Sanarwar da nake gani a intanet duk Yuni zuwa Agusta suke cewa. Me ya sa namu ba haka ba?

Saboda lokacin nan ne Turai da Amurka ke samun dogon hutu da rana mai kyau, ƙasa ta saki, ƙanƙara ta tafi. Mu kuwa watannin nan su ne tsakiyar damina. Yawancin kufanmu gonaki ne yanzu. Wa zai bar ka ka kafa turaku a tsakiyar geronsa a watan Agusta? Ko ya bari, ciyawa ta rufe ƙasa ba ka ganin tsingaro, ramin da ka wuni kana gyarawa kuma ruwan dare ɗaya zai mai da shi kududdufi. Don haka tono a nan aikin rani ne: bayan an kawar da amfanin gona, daga Disamba zuwa wajen Maris, kafin zafin bazara ya yi tsanani. Hutun damina kuwa shi ya fi dacewa da zaman gidan tarihi, don a lokacin ne danshi da fumfuna da gara ke nuna halinsu, mai koyo ya ga abokan gāba ido da ido.

Ina zan nema a nan gida?

Wurare sun fi yadda ɗalibai ke zato. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, NCMM, wadda aka kafa da dokar 1979, tana da gidaje a jihohi da dama. A Kano akwai Gidan Makama, ginin ƙarni na 15 da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa. A Jos akwai gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, kuma a harabarsa ne aka yi wurin adana gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwafin wani yanki na ganuwar Kano da na Masallacin Juma'ar Zariya. A nan Jos ɗin dai hukumar ke da cibiyarta ta horar da ma'aikata. Akwai gidan tarihi na Kaduna, da na Katsina wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina.

Ban da na tarayya, akwai na jihohi: Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Mai sha'awar takardu ya nufi Gidan Arewa a Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ko Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke garin. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, tun 1959 yake, da cibiyar bincike ta IRSH wadda ke da sashen tono da na rubutattun littattafan Larabci da Ajami.

Aikin fili kuwa ta hannun jami'a ya fi samuwa. Zariya, Jos, Ibadan da Nsukka duk suna da sashen akiyoloji, wato ilimin binciken kufai, kuma fita fili wani ɓangare ne na karatun, ba yawon buɗe ido ba.

Ni ba tarihi nake karantawa ba. Za a karɓe ni?

Za a karɓe ka, wani lokaci ma da hannu biyu. Mai karatun kimiyyar haɗa sinadarai yana da wuri a ɗakin gyara, inda ake yaƙi da tsatsa da gishiri. Mai zanen gine-gine ana nemansa wajen auna tsofaffin soraye. Mai ilimin laburare, mai kwamfuta, mai ɗaukar hoto, duk da aikinsu. Wanda ya fi kowa tsada kuwa shi ne ɗalibin da ya yi allo ya yi zurfi, yana iya karanta rubutun warash na hannu da Ajami. Akwai littattafai jibge a ma'adanai da har yau ba a rubuta ko sunan mawallafinsu a rajista ba, don babu isassun masu karantawa.

Yaya ake nema?

Idan kwas ɗinka na cikin waɗanda ake turawa SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu da hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta fara a 1973, to hanya a buɗe take. Karɓi takardar gabatarwa daga makaranta, ka kai wa shugaban gidan tarihin da kanka, ka karɓo takardar amincewa. Idan ba ya ciki, roƙi shugaban sashenku ya rubuta maka wasiƙa cewa kana son zaman sa-kai na hutu. Mai bautar ƙasa ma yana iya neman a tura shi can.

Abu biyu nake jan kunne a kai. Ka je da wuri, wata biyu kafin lokaci. Sannan kada ka ce "ina son kowane irin aiki". Ka shiga gidan tukuna a matsayin baƙo, ka biya kuɗin ƙofa, ka zagaya, ka ga abin da ya ja hankalinka. Ɗalibin da ya ce "ranka ya daɗe, na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ina son in koyi yadda ake kula da ƙarfensu" ba a mantawa da shi.

A rami, me ake yi daga safe zuwa yamma?

Kwanakin farko ba a taɓa ƙasa. Za a fara da gaisuwa wurin hakimi ko dagaci da mai gona, don da ɗan gari akan ci gari, kuma dattawan wurin ne za su nuna maka inda marina take a da, da inda aka ce maƙera sun zauna. Daga nan a jera ɗalibai sahu, tsakanin kowa da kowa taku biyar ko goma, a riƙa tafiya kai a sunkuye ana duban abin da ke kwance a sarari: tsingaro, kashin maƙera, dutsen niƙa, guntun lula. A yi taswira. Sai malami ya zaɓi inda za a buɗe.

Ramin koyo ba shi da girma, mita ɗaya ko biyu kowace kusurwa. A kafa turaku, a ja zare, a daidaita shi da arewa. Ana sauka ne kaɗan-kaɗan, sau da yawa santimita goma-goma, ko kuma a bi canjin launin ƙasa. Kayan aikin su ne ƙaramin cokalin magina, buroshi, ƙaramar fartanya da kwanon sarki. Duk ƙasar da ta fito sai ta bi ta rariya. Mai rariya shi ne ya fi kowa shan ƙura, kuma shi ne ke tsintar duwatsun ado ƙanana waɗanda mai tono bai gani ba. Ana juyawa, kowa sai ya ɗanɗana.

Idan an gama hawa ɗaya, a share shi tas, a ajiye sandar awo da kibiya mai nuna arewa da allo mai ɗauke da sunan wuri da lambar rami da kwanan wata, a ɗauki hoto, a zana. Kowane abu ya shiga ledarsa da katinsa, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Gawayin da za a aika gwajin shekaru ba a ɗaukarsa da hannu. Da bakin cokali ake ɗebe shi a naɗe a takardar alminiyam. Ana fara aiki da sanyin safiya, a tashi idan rana ta take. Bayan la'asar a zauna wankin tsingaro da buroshin haƙori, a shanya, a ƙirga. Bayan isha kowa ya cika littafinsa da hasken tocila.

Wata shekara wani yaro mai ƙwazo, don ya burge mu, ya tashi da asuba ya wanke tsingaron leda huɗu, ya shanya su reras a kan tabarma ɗaya. Sun yi kyau ƙwarai. Sai dai leda biyu daga saman rami suke, biyu daga can ƙasa, tsakaninsu wataƙila shekaru ɗaruruwa, ga katunan ya tara su gefe guda ya danne da dutse. Babu wanda ya iya raba su. Aikin kwana uku ya koma tarin fasassun tukwane. Ban yi masa faɗa sosai ba, don fuskarsa ta riga ta yi wa kanta.

Ana samun zinariya ko tukunyar dukiya?

Wannan tambayar mutanen gari ma suna yi, har wasu su kwana suna gadin ramin. A mafi yawan lokuta abin da za ka samu tsingaro ne, da ƙashi, da gawayi. Kuma su ne dukiyar.

Dubi Nok, tsohuwar al'ummar da aka sa wa sunan ƙauyen da aka fara tsintar kayanta. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a kudancin Kaduna, har aka samu wani kai da wani ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi kafin ya isa hannun Fagg. An daɗe ana sha'awar kyansu ba a san komai game da masu yin su ba. Da masu bincike na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara aiki tare da NCMM a 2005, suka yi sansani a Janjala, ba kawuna kaɗai suka bi ba. Sun riƙa zuba ƙasar rami a ruwa suna tace abin da ya taso: ƙonannen gero, wake, ƙwallon atile. Daga irin waɗannan aka gane abincin mutanen, aka kuma gane cewa zamansu ya faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihissalam. Daga baya gwajin da aka yi wa tsingaronsu ya nuna alamar kakin zuma. Ɓarawon da ya tone wuri don ya ciro kai guda ya sayar, duk wannan yake watsarwa da shebur.

Ba a ce ba a taɓa samun abin ƙawa ba. Kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, waɗanda aka tona a 1907 da 1992, sun fitar da kayan ƙarfe da na ado masu daraja. Kwalekwalen Dufuna a Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya, ya kai shekara dubu takwas, tsawonsa ya haura mita takwas. Amma irin wannan sau nawa yake faruwa a rayuwar mutum?

To a cikin gidan tarihi fa? Ba zaman gadi ba ne kawai?

Abin da baƙo ke gani a cikin gilashi ɗan kaɗan ne daga abin da gidan ya mallaka. Sauran suna sito, kuma can aikin yake. Shi ya sa na ce shi nake zaɓar wa mai koyo: ramukan da aka tona shekaru hamsin da suka wuce, kayansu na nan suna jiran wanda zai duba su, ba sabon rami suka fi buƙata ba.

Farkon abin da za a koya maka shi ne lamba. Kowane abu yana da lambar shiga, wadda ke rubuce a jikinsa da kuma cikin babban rajista: daga ina ya zo, wa ya kawo, yaushe, saye ne ko kyauta, da me aka yi shi, tsawonsa nawa. Takobin da ya rabu da lambarsa ya zama ƙarfe kawai. Za ka koyi sa lambar a wurin da ba ya ɓata abu: a gindin tukunya, a shafa ɗan siririn maiƙo mai bushewa, a rubuta a kansa, a sake shafawa, yadda za a iya cirewa gobe. Riga kuwa ba a rubutu a jikinta, ɗan ƙyalle ake ɗinka mata a cikin wuya.

Sai ɗauka. Ba a ɗaga tulu ta wuya ko ta hannu, ko da ya yi kama da mai ƙwari. Hannu biyu, ɗaya a gindi. Kafin ka ɗaga, ka san inda za ka ajiye. Ƙarfe da safar hannu, don gumin yatsa yana barin tsatsa. Takarda kuwa hannu wankakke busasshe ya fi, safar tana sa a yage gefe.

Sai sintiri. Kowace safiya a duba ƙasan kanta da bayan akwati. Ɗan garin katako a ƙasa alamar ƙwaro ne a ciki. Siririn layin ƙasa a jikin bango gara ce. Asu yana cin saƙi da ulu, ɓera yana son fata, rana tana kashe launin baba. Lokacin hunturu kuma fata da takarda su bushe su yi ƙaras, ga ƙura ta ko'ina.

Ranar da aka fara buɗe gafaka a gabanka ba za ka manta ba. Littattafanmu na da ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke tsakanin allunan fata biyu. Abin da ke nuna jerinsu shi ne kalmar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Idan iskar fanka ta watsa su, da wannan kalmar za ka mai da kowace gidanta. Don haka a kashe fanka tukuna. Biro ba ya shiga ɗakin, fensir kaɗai. Salatif kuwa, wanda mutane ke liƙa wa yagaggen shafi da kyakkyawar niyya, ya ɓata littattafai fiye da yadda gara ta ɓata wasu: bayan shekaru yana narkewa ya bar tabo ruwan ƙasa, ya ɗauke tawada.

Akwai kuma ranar da motar 'yan firamare za ta tsaya a ƙofa, a ce kai za ka zagaya da su. A nan za ka gane ko ka fahimci abin da kake karantawa.

Ina son ɓangaren gine-gine. Wa zai koya mini?

Magina. Wannan ilimi bai gama shiga littafi ba, yana hannun iyalan da suka gāje shi, kuma a manyan biranenmu har sarauta gare su, Sarkin Magina. Masallacin Juma'ar Zariya da ake ta rubutu a kansa a jami'o'in duniya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a wajen shekarun 1830, da tubali da azara. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da ƙasa aka yi ta, tana kuma tsaye ne don ana sabunta mata yaɓe. Tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013.

Idan ka dace aka haɗa ka da aikin gyara, za ka koyi kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta ruɓa kwanaki, da jera tubali kai sama, da yadda ake ɗora azarar giginya a fitar da bakan gizo. Za ka ga makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina. Za ka kuma ji dalilin da ya sa masana ke ƙin a shafe ginin ƙasa da siminti: ruwa yana shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi. Mafi yawan sorayen da suka faɗi, daga toshewar indararo abin ya fara. Ka je wa maginin da ladabi, ka cire takalmi ka shiga cikin kwaɓi. Takardar jami'arka ba ta dame shi ba.

Iyayena sun ce aikin gumaka ne.

Ba na raina wannan damuwa, kuma ni ba mai ba da fatawa ba ne. A tambayi malamin da aka yarda da shi, a kuma gaya masa aikin yadda yake. Ma'aikacin gidan tarihi ba ya bauta wa abin da ke cikin gilashi, ba ya kiran kowa ya bauta masa. Yana ajiye shaida ce ta yadda mutanen da suka gabata suka rayu, kuma Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance. Ban da haka, kayan gidajen tarihin Arewa mafi yawansu littattafai ne, da riguna, da sulke, da sirdi, da kayan noma da na kiɗa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ɓangaren mutum-mutumi ba yana iya roƙo a sa shi wani sashe. Na ga uban da ya zo da faɗa, aka kai shi ɗakin littattafai, ya wuni bai fito ba.

Maganar kabari kuma: ba a zuwa maƙabartar da jama'a suka sani a tona. Idan aka ci karo da ƙashin mutum a rami, aiki yana tsayawa, a sanar da shugaban tawaga, shi kuma ya tuntuɓi masu gari.

Mace tana iya zuwa aikin fili?

Tana iyawa, suna kuma zuwa. Angela Fagg ce ta tona Samun Dukiya a ƙasar Nok, Anne Haour kuma ta yi aiki a Kufan Kanawa a yankin Damagaram. A sansani masaukin mata daban ne. Ke dai ki nemi wasiƙar sashe mai ɗauke da wuri da kwanaki da sunan malamin da ke jagora, ki kai gida tun da wuri. Hijabi ba ya hana tono, sai dai a zaɓi gajere wanda ba zai riƙa share bangon rami ba. Akwai ma aikin da ke kaɗai za ki iya: shiga cikin gida wurin tsofaffi mata masu ginin tukwane, inda namiji zai tsaya a zaure.

Ana biya?

Kada ka ɗora lissafinka a kan haka. Ɗan SIWES yana da ɗan alawus a ƙa'ida, amma ba abin da zai riƙe shi ba ne. Mai zaman sa-kai ba shi da komai. Fita fili ma sau da yawa ɗalibai ne ke haɗa kuɗin mota da abinci. Shi ya sa ya fi sauƙi ka nemi gidan tarihin garin da kake da wurin kwana.

Batun tsaro fa?

Ya canza aikin nan ƙwarai. A Fabrairun 2017 an sace Farfesa Peter Breunig, jagoran masu binciken Frankfurt, da wani abokin aikinsa a Janjala, mutum biyu na yankin suka rasa rayukansu. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma tonon wurin bai koma yadda yake ba. Sukur a Adamawa, wurin farko a Najeriya da UNESCO ta sa a jerinta a 1999, shi ma ya sha fama a shekarun rikicin arewa maso gabas. Kufai masu muhimmanci da yawa yanzu suna cikin dazukan da ba a shiga. Tambayi wa ke jagora, ina za a kwana, an sanar da hakimi da jami'an tsaro ko a'a. Idan amsar ta zo da kame-kame, zauna gida. Kuma kada ka riƙa sa hoton wurin da kuke a Facebook kuna can, saboda tsaronku da kuma ɓarayin kayan tarihi.

Ina son in fita waje. Ta ina?

Akwai hanyoyi, amma ka san irinsu. Makarantun fili da ake tallatawa a intanet galibi don ɗaliban Amurka da Turai aka shirya su, kuɗinsu dubban daloli ne, ban da jirgi da biza. A Afirka sananniya ita ce ta Koobi Fora a gabashin tafkin Turkana a Kenya, wadda Jami'ar George Washington ke gudanarwa tare da hukumar gidajen tarihin Kenya, tana kuma ɗaukar ɗaliban Afirka; ita kan asalin ɗan Adam da kayan aikin dutse ta fi mai da hankali. Cibiyar kula da kayan tarihi ta duniya, ICCROM, da ke Rum tana karɓar masu koyon aiki da suka gama digiri. Gidan Tarihin Birtaniya yana da shirin horo na 'yan makonni da ya fara a 2006, amma na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan gidan tarihi ne. Mai Faransanci ya dubi makarantar koyar da kula da kayan tarihi ta EPA da ke Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, wadda aka kafa a 1998.

Duk cikinsu tambaya ɗaya za su yi maka: me ka taɓa yi? Wanda zai ce ya yi wata huɗu yana rajistar kayan saƙa a Kano, ga wasiƙar shugabansa, ya sha gaban mai dogon Turanci. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗi ta asusun wani mutum don ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne.

Bayan an gama akwai aiki?

Guraben gwamnati kaɗan ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma akwai koyarwa, akwai ɗaukar hoton tsofaffin littattafai a adana a kwamfuta, akwai binciken da ake yi kafin manyan ayyukan hanya da madatsar ruwa, akwai fādodin sarakuna masu son a tsara musu kayansu. Kayan tarihin masarautar Benin ta Najeriya da Jamus ta fara dawowa da su a Disambar 2022 ma sai an samu masu kula da su.

Ƙanena ya tsinci wani kan yumɓu a gona. In kawo muku?

Kada ka ciro sauran, kada ka wanke wanda ya fito. Ɗauki hotonsa a inda yake, ka lura da wurin sosai, ka sanar da mai unguwa da gidan tarihi mafi kusa. Dokar Najeriya ta hana tono ba da izinin NCMM ba, ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su waje. Kayan Nok da na Sakkwato da Katsina, har da na Bura a Nijar, suna cikin jerin kayan da aka fi sacewa, wanda majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar a 2000 don jami'an kwastan su gane su. Dillalin da zai ba ku 'yan dubbai ba shi za a kama da abin a hannu ba.

Me zan sa a jaka?

Takalmi rufaffe saboda kunama da ƙaya, malafa, riguna masu dogon hannu waɗanda ba ka jin ciwon ɓacinsu, gidan sauro, tabarma ko ƙaramar katifa, tocila, buta, gorar ruwa babba, maganin zazzaɓi da gishirin zawo. Rigar sanyi, don daren hunturu a gindin dutse ba wasa ba ne. Man kaɗanya saboda faso. Garin rogo da ƙuli da sukari na tsakar dare. Littafi mai ƙaƙƙarfan bango, fensir uku, abin fiƙe da magogi. Cokalin tono ka sayi naka, ƙarami mai tsini, ka ƙona sunanka a jikin ƙotar da kan ƙusa, don a rana ta biyu duk cokulan sansani kama ɗaya suke yi.